Garejin da ya sa motar da na ƙera ta samu lamba

Motar tawa ba ta da suna a wata kasuwa. Ƙasanta da injinta na Volkswagen Beetle ne, irin mai doron kunkuru, wadda mahaifina ya saya sabuwa a 1978, cikin waɗanda ake haɗawa a Legas tun da aka buɗe masana'antar a 1975. Samanta kuwa ni na zana, mai walda na unguwarmu a Argungu ya lanƙwasa bututun ƙarfe ya haɗa, muka yi mata rufin tamfol da kujeru biyu da wurin ɗora buhu huɗu a baya. Don fadama na yi ta, saboda injin Beetle a baya yake, nauyinsa yana kan tayoyin da ke turawa, ba ta cika kafewa a yashi ba. Shekara guda tana kai ni gonar shinkafa ba wanda ya ce mini uffan, sai da na fara sha'awar hawa kwalta da ita. Wanda ya san hanyoyin Kebbi ya san shingaye ba su da iyaka, ga 'yan kwastan saboda iyakar Kamba, ga jami'an kiyaye haɗurra, ga jami'an duba lafiyar motoci, wato VIO. Mota marar lamba mai kama da keken guragu ba za ta wuce shinge biyu ba.

Na fara da kuskure. Wani ɗan kamasho da ke shawagi a bakin wani ofishi ya ce zai fitar mini da komai cikin kwana uku, ba sai an ga mota ba. Ya karɓi kuɗi, wayarsa ta mutu har yau. Bayan haka ne wani direban tasha ya kwatanta mini garejin da nake son yin magana a kansa, a Birnin Kebbi, idan ka ɗauki hanyar Jega, mai manyan itatuwan dogonyaro biyu a ƙofa. Babu allo, babu suna. Maigidan dattijo ne mai furfura, yaransa biyar, kuma kowa Baba yake ce masa.

Da muka sauke motar daga bayan babbar motar da ta ɗauko ta, bai ko kalli rufin da nake alfahari da shi ba. Ya ce, "Malam, mi kaka so, takarda ko mota?" Na ce takarda, Baba. Ya ce to ɗaga kujerar nan. A jikin Beetle, lambar shasi tana bisa tudun ƙarfen da ya ratsa tsakiyar mota, daidai ƙarƙashin inda kujerar baya take. Mai waldana ya ɗora wani ƙarfe a kai, muka shafe da baƙin fenti, ban ma san akwai abu a wurin ba. Baba ya sa yaro ya yanke ƙarfen a hankali, ya goge fentin da fetur da burushi, ya hana a kusanto da injin gurza. Ya ce lambar da aka ga alamar gurza a jikinta ta fi wadda babu ita jawo fitina, domin nan take za a ce motar sata ce aka sauya wa suna. Sai ga lambobin sun fito ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa musu alli, ya ɗauki hoto, ya kuma duba lambar injin da ke ƙarƙashin janareta.

Wannan shi ne abin da ya fi komai daraja cikin abin da na biya, kuma bai ɗauki minti talatin ba. A wurin hukuma, motar da ka ƙera a gida ba sabuwar halitta ba ce matuƙar tana zaune a kan shasin da aka taɓa yi wa rajista. Tsohuwar mota ce da ta sauya jiki da launi, sauyin ne za ka je ka bayyana. Da na bi shawarar wani abokina na yanke shasin na rage masa tsawo, kamar yadda masu ƙera motar yashi ke yi a Amurka tun zamanin Meyers Manx ta 1964, mai yiwuwa da na yanke lambar tare da shi. Baba ya ce wanda ya ƙera shasi daga ɗanyen ƙarfe, tasa tafiyar daban ce kuma ta fi tsawo, shi ma ba ya karɓar irin wannan aikin.

Shi ya lissafa mini abin da zan nemo. Tsofaffin takardun motar, waɗanda na samu cikin adakar mahaifiyata tare da takardun gona. Takardar rabon gado daga kotu mai nuna motar ta faɗo a kasona, tunda da sunan marigayi take. Rantsuwar kotu da ke bayyana cewa ni na sauya mata jiki, da rasiɗin bututun ƙarfe da fitilu da na saya. Ya kuma gargaɗe ni cewa lambar shasin motocin yanzu haruffa da lambobi 17 ne, tsarin da ya kankama daga 1981, tawa kuwa ba ta kai haka ba, don haka kada in yarda wani ya cika mini gurbin da sifiri don kwamfuta ta karɓa. A rubuta ta yadda take a jikin ƙarfe. Takardar kwastan ba ta taso ba, tunda a Legas aka haɗa ta.

Sai maganar hayaƙi. Ni a ganina motata ba ta hayaƙi, don ba na ganin komai a madubi. Baba ya jawo wata na'ura daga ɗaki, mai girman ƙaramar janareta, tsohuwa ce ta gwanjo, ya bar injin ya yi zafi, ya zura wani siririn bututu cikin salansa. Allon ya nuna kabon monoksaid ya haura kashi 7 cikin 100. Ya ce wannan iskar ba ta da launi ba ta da wari, ita ce take kashe masu kwana da janareta a ɗaki, kuma yawanta yana nufin kafireta tana zuba fetur fiye da iskar da za ta ƙone shi. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa saboda ringi ya ci, fari mai kauri ruwa ne, wanda ba zai faru da tawa ba tunda Beetle ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta.

Na tambaye shi ma'aunin da yake bi. Ya ce Najeriya tana da dokar hayaƙin motocin fetur da dizal tun 2011 a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, amma shi ga tsofaffin injina masu kafireta yana amfani da iyakar da ake bi a gwajin shekara-shekara na Ingila, kashi 4.5 ga motocin tsakanin 1975 da 1986. Na ce to a saka mini indomi mana, wannan tukunyar tace hayaƙi da ɓarayi ke yankewa saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. Ya yi dariya har da tari. Ya ce indomi tana son injin da kwamfuta ke auna masa fetur, idan aka ɗaura ta a bayan kafireta mai ambaliya za ta yi zafi ta toshe, kuɗina ya tafi a banza. Da wani garejin ne, da ya sayar mini.

Motar ta kwana a can, don ba a saita bawul ɗin Beetle sai injin ya huce sarai. Da safe ya saita su a 0.15 na milimita, ya sauya fulogi da kwantak, ya daidaita tayimin, ya kwance kafireta ya wanke, ya tarar allurar da ke tsayar da fetur ta cinye. Tukunyar tace iska, irin mai baƙin mai a ƙasa, ta zama taɓo saboda ƙurar hunturu biyu. Inda ya yi mini faɗa sosai shi ne gwangwanayen da ke kewaye da injin, waɗanda na cire na zubar don in ji motar ta yi kyau. Ya ce su ne ke bi da iskar fanka ta kan silinda, kuma a zafin Afrilu na Kebbi, da ake haura digiri 40, injin da babu su ajalinsa ya kusa. Ya aiki yaro ya tono wasu daga gawar wata Beetle a bayan gareji. Da aka mayar da bututun na'ura, yana juya sukurun kafireta kaɗan-kaɗan muna kallon allo, lambar ta sauko ta tsaya kusa da kashi 3.

Yanzu abin da ban ji daɗinsa ba. Baba bai san agogo ba. Aikin da ya ce kwana biyu ya ci tara, sau uku ina shiga motar haya daga Argungu ina tarar da ya tafi ta'aziyya ko yana kan motar wani mai babbar riga. Ba ya ba da rasiɗi sai ka nace, ga shi rasiɗin nan kana bukatarsa cikin takardunka. Na'urar ma na tambaye shi yaushe rabon da a daidaita ta, ya ce tana aiki lafiya lau, wanda ba amsa ba ce. Na yarda da saukar da na gani daga 7 zuwa 3, amma ba zan rantse a kan ainihin lambobin ba. Wurin zama benci ne guda a ƙarƙashin dogonyaro. Kuɗin aikinsa ya ɗara na sauran makanikai, sai dai kayan da ya cire duk ya zuba mini a leda ya miƙo.

Kafin ya sake ni ya sa an ƙara abin da ni ban ɗauka da muhimmanci ba: sigina gaba da baya, fitilar lamba, waifa, madubi biyu, bel na kujera, birkin hannu da ke riƙewa da gaske, da gilashin gaba na mota a maimakon na taga da na saka. Ya ce gilashin taga idan ya fashe wuƙaƙe yake zama.

Ranar dubawa jami'in VIO ya zagaya motar sau biyu yana murmushi, ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Ya sunkuya ya karanta lambar shasi ya gwada da takarda, ya sa na kunna fitilu, na danna oda, na taka birki, ya tsaya a baya ya ce in ba ta wuta yana kallon salansa. Ya tambayi wanda ya yi waldar, ya jijjiga ƙarfen rufin da hannu biyu. Na biya inshorar da doka ta wajabta, naira 15,000 tun farkon 2023, na biya kuɗin sauya mallaka da na lamba a ofishin haraji na jiha, bayan mako uku lamba ta fito mai shuɗin rubutu, da Land of Equity a samanta.

Gwajin ido ne aka yi wa hayaƙin, don haka wani zai ce wahalar na'urar Baba ba ta da amfani. Ni da nake sayen fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023 na ga amfaninta a aljihuna: jarkar da take kai ni fadama sau huɗu yanzu tana yin biyar har da saura, kuma ciwon kan da nake dawowa da shi da yamma, wanda nake ɗora wa rana, ya ragu. Baba ya ce in dawo da ita bayan kilomita 5,000 a sake duba bawul, in zo da daddare ta kwana. Na ce masa wannan karon da tabarmata zan zo, ba zan bar garejin ba sai da motata.