Saitin Kayan Yoga Na Masu Farawa: Bulo Da Maɗauri Sun Ci Kuɗinsu, Tabarmar Sai Da Gyara

Saitin kayan yoga (atisayen miƙe jiki da sarrafa numfashi) da ake magana a kai shi ne wanda ya cika shagunan kayan motsa jiki da kasuwannin intanet: tabarmar soso mai kaurin milimita 10 zuwa 15, bulo biyu na soso mai tauri, da maɗauri na auduga. Mai fama da ciwon baya, gwiwa ko ƙugu na shekara da shekaru, da ya taɓa tabarmar ya ji laushinta kamar ƙaramar katifa, sai ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. A nan ne kuskuren yake farawa, domin cikin kayan nan uku tabarmar ce ta fi rauni.

Ana yin irin wannan tabarma da roba mai kumfa da ake kira NBR, yawanci tsawon santimita 183 da faɗin 61. Tana da amfaninta. A kan tayil ko daɓen siminti, idan za a kwanta rigingine a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ko a durƙusa, tana hana ƙashi gogar ƙasa, kuma tana tare sanyin daɓe lokacin hunturu. Wanda duk atisayensa na kwance ne a makonnin farko, za ta yi masa.

Matsalar na fitowa ne da zarar an miƙe tsaye ko an dafa ƙasa da hannu. Sawu yana nutsewa cikin soson, ƙafa ba ta jin inda ƙasa take, sai idon sawu da gwiwa su yi ta rawa suna neman daidaito. Ga mai amosanin gwiwa wannan rawar ce ke tayar da ciwon da ya kwanta. Wuyan hannu ma haka: a tsayuwar rarrafe tushen tafin hannu yana nutsewa fiye da yatsu, hannun ya lanƙwashe fiye da kima, bayan minti biyu ya fara zafi. Mutane da yawa suna zaton hannunsu ne ba shi da ƙarfi, alhali laifin shimfiɗar ne. Sannan soson ba ya shan gumi, zufa tana kwanciya a samansa ta zama santsi, kuma idan aka tokare hannu da ƙafa yana miƙewa kamar roba. Farce na yage shi, dunduniya na bar masa rami. Sabuwa takan zo da wari mai hawa kai; a shanya ta kwana biyu ko uku a inuwa, ba a rana ba, don rana na sa ta bushe ta riƙa marmashewa.

Wanda bai riga ya saya ba, gara ya nemi tabarma mai kaurin milimita 6 ta robar da ake kira TPE ko PVC, ya ajiye bargo kusa ya ninka shi biyu ko huɗu a ƙarƙashin gwiwa duk lokacin durƙuso. Wanda ya riga ya saya kuma, kada ya yar: ya yi na kwance a kanta, ya sauka kan daɓe ba safa don na tsaye, kusa da bango ko bayan kujera.

Bulon nan biyu su ne ƙashin bayan saitin. B.K.S. Iyengar, malamin yoga na birnin Pune a Indiya wanda ya rasu a 2014, shi ya yaɗa amfani da bulo, maɗauri, bargo da kujera, domin marasa lafiya da tsofaffi su iya abin da jikinsu ba zai kai ba shi kaɗai. Aikin bulo shi ne ya ɗago ƙasa ta zo wurin hannu, maimakon a tilasta wa baya ya sunkuya ya same ta. Cikakken bulo yana da santimita 23 da 15 da 10, ke nan tsayi uku a abu ɗaya. A duba wannan kafin a biya, domin saiti mai araha yakan zo da siriri mai kaurin santimita 7 da rabi, wanda ke tangaɗi idan aka tsayar da shi a tsaye. A matsa shi da babban yatsa: idan ya lotsa bai dawo nan take ba, ba zai ɗauki nauyin mutum ba. Na ɓawon itace ya fi tsayuwa daram, amma ya fi nauyi da tauri. Ga mai jiki mai tsami, na soso ya fi daɗi a ƙarƙashin baya.

Ga yadda ya fi amfanar mai ciwon baya. A kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. A ɗaga ƙugu kaɗan, a zura bulon a kwance, wato a mafi ƙarancin tsayinsa, ƙarƙashin faffaɗan ƙashin da ke sama da mazaunai. Kada ya hau ramin baya, nan ne yawancin masu farawa suke sa shi, su tashi da ciwon da ya fi na da. A zauna haka minti ɗaya ana numfashi ta hanci a hankali, a ƙara zuwa uku cikin makonni. Idan zama a ƙasa yana sa baya ya ranƙwafe, a zauna kan bulon har ƙugu ya ɗara gwiwa tsayi.

Maɗaurin ba ya bukatar dogon bayani. Na saiti yawanci santimita 183 ne, ya yi wa dogon mutum gajarta. Mai 240 ya fi. Mai zobba biyu na ƙarfe ya fi mai maƙalin roba riƙo. A kwance, a rataya shi a tafin ƙafa ɗaya, a ɗaga ƙafar har a ji jan tsoka a bayan cinya, ɗaya gwiwar tana lanƙwashe, a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30. In aka ji wani abu kamar lantarki yana sauka zuwa sawu, jijiya ce ake ja ba tsoka ba, a sassauta nan take.

Babban abin da saitin ya rasa shi ne jagora. In ma ya zo da takarda, hotunan masu jiki kamar igiya ne, ba ta mai ciwo ba ce. Kuma yoga ba ta cire ciwo ɗungurungum. A binciken da aka yi a asibitin Boston Medical Center na Amurka, aka wallafa a 2017, an bi mutum 320 masu daɗaɗɗen ciwon baya na mako 12, aka ga yoga mai sauƙi ta yi kafaɗa da kafaɗa da gashin ƙashi na asibiti wajen rage ciwo da inganta zirga-zirga. Sauƙin matsakaici ne, kuma da malami aka yi, ajin sau ɗaya a mako, sannan atisaye a gida.

Saboda haka a fara da minti 10, sau uku a mako. A auna ciwo daga 0 zuwa 10: in bai wuce 3 ko 4 ba, kuma ya koma yadda yake kafin washegari, a ci gaba, in ya kwana ya wuni, an yi yawa, a rage rabi. Ranar da jiki ya yi daɗi ita ce ta fi haɗari, don ranar ake zarcewa a kwanta kwana uku. Mai raunin ƙashi ya guji sunkuyo mai zurfi da murɗa baya da ƙarfi. Mai hawan jinin ido ya bar duk abin da zai sa kai ƙasa da ƙirji. Mai sikila da ke jin ciwo a ƙugu ya ga likita tukuna, domin wani lokaci kan ƙashin cinya ne ke lalacewa saboda ƙarancin jini, kuma ya sha ruwa sosai. Wanda kuwa ƙafarsa ke raunana, ko ya daina jin taɓi a matsematsinsa, ko fitsari ya fara kufce masa, ya ajiye tabarmar ya tafi asibiti a ranar.