Daga Ditiroyit: kayan mota da araha, hannun bakanike da tsada

Yaya, ka tambaye ni yadda nake fama da tsohuwar bas ɗina a wannan ƙasa ta Amurka. Chevrolet Astro ce, irin wadda aka ƙera a Baltimo daga 1985 zuwa 2005, mai silinda shida. Da ita nake ɗibar yara da kaya, kuma da hannuna nake gyara ta a ƙofar gida.

Dalili kuwa kuɗi ne. A Kano kayan gyara ne ke cinye aljihu, ladan bakanike kuma a yi ciniki a daidaita. A Amurka abin a juye yake. Gareji da awa yake lissafi, kuma da wuya ka samu inda awa ɗaya ba ta haura dala 100 ba. Shi ya sa ranar Asabar za ka ga magidanta kwance a ƙarƙashin motocinsu. Shagunan kayan mota irin su AutoZone suna ara maka kayan aiki, ka ajiye kuɗi, in ka mayar a ba ka abinka cif. Tun daga 1996 kowace mota tana da wurin jona na'urar gano matsala, su kuma suna jona maka kyauta. Akwai kuma filayen matattun motoci da za ka shiga da sifanarka, ka kwance abin da kake so, ka biya a bakin ƙofa. Ya ɗan yi kama da Ƙofar Ruwa, sai dai babu yaron shago da zai ruga ya ɗauko maka.

Abin da na fi kewa shi ne gwanintar mutanenmu. A nan ba a gyara abu, canza shi ake yi. Altaneta ta mutu, a ɗaura wata. Mai wayarin da zai buɗe ta ya sake naɗa mata waya, kamar yadda ake yi mana a gida, sai ka sha nema.

Babbar abokiyar gabar mota a Mishigan, jihar da Ditiroyit take, ita ce tsatsa. Da hunturu ana watsa gishiri a titi don ya narkar da ƙanƙara, shi ne ke cin ƙarfe daga ƙasa. Inji yana nan garau, amma bututun birki ya ruɓe, noti ya kama ya ƙi motsi sai an sa masa wuta. Ita Astro, rabin injinta yana cikin ɗaki, sai ka cire murfin da ke tsakanin kujerun gaba kafin hannunka ya kai gare shi, kusan yadda kake ɗaga kujera a Hiace ɗinka. Famfon mai kuma a cikin tanki yake, dole a sauke tankin gaba ɗaya. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi ritaya daga masana'antar motoci, shi ya riƙe min jak da fitila ranar da na yi wannan aiki.

Daga bakinsa na fara jin labarin motocin da suke kira masu ƙwanji. A 1964 Pontiac ta ɗauki babban inji mai silinda takwas, lita 6.4, ta cusa a mota matsakaiciya, ta kira ta GTO. Sauran kamfanoni suka bi sahu: Dodge Charger, Plymouth Road Runner, har zuwa Chevelle SS ta 1970 mai lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Galan ɗin fetur a lokacin bai kai santi 40 ba, saurayi mai aikin masana'anta yana iya sayen irinta. Sai kuɗin inshora ya tashi, dokar rage hayaƙi ta 1970 ta zo, ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a 1973, kasuwar motocin ta mutu. Plymouth da Pontiac ɗin ma yanzu babu su.

Amma motocin suna nan. Duk Asabar ta uku a watan Agusta, tun 1995, ana fito da su a titin Woodward, daga Ferndale zuwa garin Pontiac. Na je na gani, Yaya. In aka tayar da Charger, a ƙirji kake jin rugugin. Masu ita su buɗe bonet, ka ga kafireta da filogi a fili, ga sarari ko'ina da hannu zai shiga. Dattijon ya ce abin da ya sa suke son su ke nan: mutum da sifana da kunne ya isa ya saita su, babu kwamfuta a tsakani.

Na gane nufinsa sarai, domin haka Baba, Allah ya jiƙansa, yake maganar Fijo 504 ta Kaduna. Bambancin shi ne su sun adana nasu a gareji, suna goge su suna bar wa jikoki, mu kuwa mun yi ta aiki da namu har suka ƙare a hannun 'yan gwangwan. Idan ka ji labarin wata 504 mai lafiyayyen bodi da mai ita ke son sayarwa, don Allah ka tsayar min da ita, ka faɗa min kuɗin. A gaida Umma da yara.