Howard ko kwalejin unguwa? Amsa ga Hajiya kan 'yarta ta fari

Hajiya, tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai na natsu. Ga waɗanda ba su gani ba, ga abin da ta ce a taƙaice. 'Yarta ta fari tana ajin ƙarshe na sakandare a Bronx, cikin birnin Niyok. Jami'ar Howard da ke Washinton ta ba ta gurbi, kwalejin shekara biyu ta nan unguwa ma ƙofarta a buɗe take. Yarinyar ce ke ɗauko ƙannenta uku daga makaranta, ita ke ɗora tukunyar dare, ran Asabar kuma tana shagon kitso. Hajiya tana aikin jinyar tsofaffi a gidajensu, Alhaji yana tuƙi da dare. To ta tafi ko ta zauna?

Bari in fara da kuɗi, don shi ya fi sauƙin lissafi, ko da yake ba shi ya fi nauyi ba.

Kwalejojin shekara biyu na CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin Niyok, irin su Bronx Community College da Hostos, kuɗin karatunsu ga mazaunin Niyok wajen dala 4,800 ne a shekara. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ba a mayarwa, yakan kai dala 7,395 ga gida mai ƙaramin ƙarfi, ga kuma TAP na jihar Niyok a kai. In takardunku sun cika, kuka cike fom ɗin neman tallafin karatu na FAFSA da wuri, yarinya za ta iya karatu ba ku ciro ko sisi ba, wani lokaci har a mayar mata da canjin sayen littattafai. Howard kuwa jami'a ce mai zaman kanta. Kuɗin karatu kaɗai ya haura dala 30,000 a shekara, ba a sa ɗaki da abinci ba, kuma Washinton ba gari ne mai araha ba. Pell zai bi ta can. TAP ba zai bi ta ba, don ba ya tsallake iyakar jiha.

A nan ne iyaye da yawa suke faɗawa rami. Takardar tallafin da jami'a ke aikowa takan jera kyauta da bashi a shafi ɗaya, a haɗa jimilla mai kyau a ƙasa, uwa ta gani ta ce alhamdulillahi an biya mata duka. Ki ɗauki biro, ki soke duk layin da yake rance ne, ki sake haɗa lissafi. Abin da ya rage tsakanin kyautar da ainihin kuɗin makaranta, shi ne nauyin da ke kanku. Sau da yawa ana cike wannan giɓin ne da rancen iyaye da ake kira Parent PLUS, wanda sunanki ko na Alhaji zai hau, ba na yarinya ba, kuma da ruwa a kansa. Batun ruwan kuma kin san ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, wannan sai ku zauna da malamanku tun kafin a sa hannu.

Kada ki ɗauka tsoratarwa ce kawai. Cibiyar Brookings ta fitar da bincike a 2016 da ya nuna baƙar fatan da ya gama digiri yana fita da bashin da ya ɗara na farar fata da wajen dala 7,400, bayan shekara huɗu kuma tazarar ta kusa dala 25,000. Me ya sa tazarar take faɗaɗa maimakon ta ragu? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne babu jingina a baya. Ƙididdigar Babban Bankin Amurka ta 2022 ta ce dukiyar gidan farar fata na tsaka-tsaki wajen dala 285,000 ce, ta gidan baƙar fata kuwa wajen dala 44,900. Wancan yaro in ya gama, mahaifinsa zai taya shi biya. Namu in ya gama, albashinsa na farko tuni an raba shi: hayar gida, ƙanne, da 'yan uwa can gida da ke jiran aike. Baƙaƙen Amurka da na Afirka ta Kudu har suna suka sa wa abin, harajin baƙar fata. Mu ba mu sa masa suna ba, zumunci muke ce masa, amma aljihu ɗaya yake fitowa.

In a kuɗi aka tsaya, kwalejin unguwa ta yi nasara nesa ba kusa ba. Sai dai araha ba ta ado, kuma ga inda take cin mutum.

Mafi yawan masu shiga kwalejin shekara biyu a Amurka, wajen takwas cikin goma, niyyarsu su sauya sheƙa zuwa jami'a su yi digiri. Alƙaluman cibiyar binciken irin waɗannan kwalejoji da ke Jami'ar Columbia sun nuna wajen kashi 16 cikin ɗari ne ke kai ga digirin cikin shekara shida. A cikin baƙaƙe, wajen kashi 9. Ki sake karanta wannan. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, don na san yaran nan, wasunsu sun fi na manyan jami'o'i kaifi. Gida ne ke cinye su kaɗan-kaɗan. Wadda ke kwana a gida ba ta da uzuri. Ƙaninta ya tashi da zazzaɓi, ke kina wurin aiki, ita za ta fasa aji. Mai shagon kitso ta kira an yi cunkoso, ita za ta je. Wasiƙa ta zo daga mai gidan haya ko asibiti, ita ce tafinta. Zangon farko ta ɗauki darussa biyar, na biyu ta rage zuwa uku don ta ƙara awannin aiki, na uku ta ce bari ta huta zango ɗaya tak. Wannan zango ɗayan shi ne wanda ba ya ƙarewa. Babu ranar da wani zai ce mata ki bar karatu, kowa ma addu'a yake mata, amma taura biyu ba ta taunuwa.

A Howard nisan kansa garkuwa ne. Awa huɗu zuwa biyar ne a bas, ba wanda zai ce ta zo ta ɗauko yaro ƙarfe uku. Za ta kwana cikin masu karatu ta tashi cikinsu. Amma kada mu yi ƙarya, jikinta ne zai tafi, zuciyarta tana nan. In kullum waya tana shiga ana faɗa mata gida ya rikice tun da ta tafi, za ta nemi aiki biyu ta riƙa turo kuɗi, ko ta tattaro kayanta a shekara ta biyu. Wadda ta dawo haka ita ce ta fi kowa asara: ga bashi, ba takarda.

CUNY ta gane matsalar nan, shi ya sa a 2007 ta kafa shirin ASAP. Suna ba ɗalibi kuɗin jirgin ƙasa, su taimaka da littattafai, su haɗa shi da mai ba da shawara da zai riƙa ganinsa a kai a kai, da sharaɗin ya yi karatu cikakken lokaci. Da aka gwada shirin, kashi 40 na waɗanda ke ciki sun gama cikin shekara uku, na waje kuwa kashi 22. In dai kwalejin unguwa za ta shiga, to ta wannan ƙofar.

Yanzu batun launin fata, wanda ba ki ambata ba amma yana cikin tambayar. Mu da muka zo da fasfo muna da wata magana da muke yi a ɗaka, wai mu ba irin baƙaƙen Amurka ba ne, matsalarsu daban tamu daban. Makaranta ba ta san wannan bambancin ba. Ranar da 'yarki ta shiga aji, baƙar yarinya daga Bronx aka gani, ba wanda ya tambayi ko kakanta na Kumasi ne ko na Maraɗi. Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launi tun 1954, amma a 1973 kotun dai ta ce ba laifi a riƙa ɗaukar nauyin makarantu da harajin gidajen yanki, ke nan yankin masu hali ya ci gaba da makarantar masu hali. A nan Niyok, a 2019, sakandaren Stuyvesant da ake shiga da jarrabawa ta ba yara 895 gurbi, baƙaƙe bakwai ne a ciki. Ni kaina, ɗan yayata mai ba da shawara a makarantarsu ya hana shi ajin lissafi na gaba da sakandare, wai kada ya wahalar da kansa. Sai da uwarsa ta bar aiki rana guda ta je ta zauna a ofis. Yaron ya ci jarrabawar.

Abin da Howard ke sayarwa ke nan da wannan tsadar. An kafa ta a 1867, tana cikin jami'o'i wajen ɗari da aka gina wa baƙaƙe lokacin da sauran ƙofofi suke a rufe, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a jihar Niyok. Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar 1954 ɗin nan, a can ya karanta shari'a, Kamala Harris ma a can ta yi digiri. Irin waɗannan jami'o'i ba sabon abu ba ne gare mu ma, don Azikiwe da Nkrumah duk a ɗaya daga cikinsu, Lincoln ta Pennsylvania, suka yi karatu. A kwalejojin Bronx ba za ta zama baƙa ita kaɗai a aji ba, yawancin ɗalibai baƙaƙe ne da 'yan Latin, saboda haka ba kaɗaici ne bambancin ba. Bambancin shi ne a Howard shugaban sashe baƙi ne, likitan da ke koyarwa baƙi ne, tsofaffin ɗalibai suna ofisoshi suna jan na baya, kuma ba wanda zai yi mamaki in ta ce likita za ta zama. Wannan ba ya shiga takardar lissafi, amma ina ganin darajarsa, musamman ga yarinyar da ta saba a ce mata ta rage buri.

Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 29 ga Yuni 2023, jami'o'i ba sa duba launin fata wajen ba da gurbi. Sai dai Alƙalin Alƙalai John Roberts ya bar ƙofa ɗaya: ɗalibi yana iya rubuta yadda launinsa ya shafi rayuwarsa. Fom ɗin neman gurbin jami'a na Common App ma yana da wurin da ake sa ɗawainiyar gida cikin ayyukan ɗalibi. Yaranmu kan bar wurin fayau, wai su ba su yi komai ba, alhali sun yi rainon mutum uku. Ta rubuta shi a duk neman tallafin da za ta yi, ƙannenta ma ku koya musu in lokacinsu ya zo.

Wani abu ya tsaya mini a rai tun da na karanta tambayarki. Me ya sa zaɓin ya zama Howard ko shekara biyu? Yarinyar da Howard ta ɗauka, da wuya a ce makinta bai kai na Lehman College da ke nan Bronx ba, ko City College a Harlem. Duk na CUNY ne, digiri cikakke na shekara huɗu, wajen dala 6,930 a shekara, Pell da TAP duk suna aiki, ga shirin SEEK mai taimaka wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Babu sauya sheƙa a tsakiya, wanda nan ne ake zubar da yara da yawa. Ku bincika ko har yanzu suna karɓar takardu. Ina zargin ba wanda ya zaunar da ita ya nuna mata wannan hanyar.

In ni ce ke, ga yadda zan yi. Zan soke rance a takardar Howard, in kira ofishin tallafinsu in roƙi a sake dubawa, don ana yin haka kuma ba abin kunya ba ne. In abin da ya rage za ku iya ɗauka da adashe da ɗan aikinta na cikin makaranta, ba tare da rancen iyaye ba, ku sa mata albarka ta tafi. Na san akwai tsoron tarbiyya a ƙasan zuciyarki, 'ya mace ita kaɗai a wani gari. Yarinyar da kika damƙa wa yara uku da makullin gida tun tana 'yar shekara goma sha uku ta riga ta ba ki amsar wannan. Kuma mu faɗi gaskiya, da namiji ne da tuni an fara ɗaure masa akwati.

In kuwa giɓin ya yi faɗi, to Lehman ko City College, kwalejin shekara biyu ta zo ta uku. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin a kanku yake ba a kanta ba: ku ɗauka ta yi tafiya. Daga Litinin zuwa Juma'a ba ta nan, ko da kuna ganinta a falo. Ƙannen a sa su shirin bayan tashi daga makaranta, makarantun gwamnati da yawa a birnin nan suna da shi kyauta. Mai bi mata, in namiji ne ma, hannunsa ba zai karye ba don ya dafa shinkafa. Kitso ya tsaya a Asabar kaɗai, lokacin jarrabawa a ɗaga mata. Ai da ta tafi Washinton dole ku nemo dabarar nan, to ku nemo ta tana gida.

Jami'o'i da yawa 1 ga Mayu suke rufe karɓar amsa, ki duba ranar da aka rubuta a takardarta. Ki zo da takardar tallafin bayan sallar Juma'a mu duba layi-layi, ki zo da yarinyar kuma, don har yanzu ban ji abin da ita take so ta karanta ba.