Final Draft 13: manhajar da ke riƙe lissafin gyare-gyaren sikirif

Masu kallon fim mai dogon zango suna ɗauka abin da marubuci ya rubuta shi jarumai ke faɗa. Ina ma a ce haka ne! Kafin labari ya iso talabijin, furodusa ya taɓa shi, darakta ya taɓa, mai talla ya sa baki, edita ya yanke. Ga kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda a watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango saboda an sake su ba a kai mata ta duba ba. Yawan hannayen nan ne ya sa na bar Word na koma Final Draft 13, manhajar rubutun fim da ke hannun kamfanin Cast & Crew na Amurka tun 2016.

Tsara shafi ba abin dogon bayani ba ne. Tana ajiye sunan jarumi inda ya dace, magana a ƙarƙashinsa, da haruffan Courier masu girman 12, shafi ɗaya ya tashi kusan minti ɗaya a allo. Kowace manhajar sikirif tana yin wannan.

Inda ta ci kuɗinta shi ne bayan an fara ɗauka. Bari in ba da misali da fitowa ta 14 a wani kashi da na rubuta. A rubutun farko, uwargida ce ta tare amarya a kicin da tsakar dare, maganarsu shafi uku. Mai gidan da aka ara ya ce shi ba a kunna masa janareta bayan isha'i, fitowar ta koma la'asar. To da la'asar ina yara? Dole na nemo dalilin da ba sa gida, na tura su islamiyya. Mai talla ya ce a nuna ana dafa shayinsa. Darakta ya karanta ya ce, "Anti, baƙar maganar nan ta tsakiya ba za ta wuce wurin tacewa ba, a sassauta." Shafi uku ya koma ɗaya da rabi.

A da, irin wannan gyara yakan rikita lambobin shafuka gaba ɗaya, a iso lokeshan a tarar shafi na 20 na mai kyamara shi ne na 22 na jaruma. Final Draft tana ba ka damar kulle shafuka da lambobin fitowa. Idan ƙari ya yi yawa, sai ta buɗe 20A, shafi na 21 yana nan inda yake. Idan ka cire fitowa, lambarta ba ta ɓacewa, ana rubuta cewa an cire ta. Kowane layin da ka taɓa kuma, tauraro ne zai fito a gefensa, jaruma ta duba wurin kawai ba sai ta sake haddace shafi ba.

Tana bin tsarin launuka na masu fim a Amurka: rubutun farko fari, gyaran farko shuɗi, sai ruwan hoda, rawaya, kore. Mu dai ba mu da kuɗin takarda kala-kala, PDF muke turawa a WhatsApp. Amma da yake ana iya sa sunan launi da kwanan wata su fito a saman shafi, musu ya ragu. Tambaya ɗaya ce: "Kai wane launi ne a hannunka?"

Abin da ba za ta iya ba, shi ne kama bakin jarumi. Manyan 'yan wasanmu, musamman masu barkwanci, suna karanta fitowa su ɗauki ma'ana, su zuba nasu. Wani lokaci nasu ya fi nawa daɗi, gaskiya ɗaya ce. Sai dai idan mai kula da ci gaban shiri bai rubuto min abin da aka faɗa ba, zan gina kashi na gaba a kan maganar da ba a taɓa yi ba. Haka edita zai zare fitowa guda don talla ta samu wuri. Wannan gyaran da hannu nake shigar da shi bayan na kalli abin da aka haɗa.

Sai tsada. Farashinta kusan dala 250 ne idan ba a yi rangwame ba, ku lissafa da naira. Ba ta da ƙamus na Hausa, don haka ka kashe mai duba kuskuren rubutu tun farko, in ba haka ba jan layi zai cika shafin. Manhajarta ta waya kuma ta iPhone da iPad ce, alhali yawancin marubutanmu Android ke hannunsu.

Idan kai ne shugaban marubuta a shirin da ake ɗauka ana gyarawa, ko kana aiki da kamfanin da ke neman fayil ɗin FDX, wato irin fayil ɗin da Final Draft ke ajiye sikirif a ciki, saya, kuma ka sa furodusa ya biya. Idan kai kaɗai kake rubutu a ɗakinka, manhajar Fade In ta kusan dala 80 tana kulle shafi, tana sa tauraron gyara, tana buɗe FDX, tana kuma da ta Android. Ɗalibai su fara da WriterDuet, sikirif uku na farko kyauta ne.