Hunturu biyu da na'urar daidaita ɗumi ta zamani a gidanmu na Minnesota

Ƙarfe uku na dare uwargida ta tashe ni, ta ce, "Yallaɓai, tashi ka duba na'urar taka, yara sun ƙudundune." Watan Janairu ne, sanyin waje ya zarce digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Na fito falo na tarar da fuskar na'urar baƙi ƙirin, na danna na sake dannawa, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Hita kuma, injin gas da ke ɗumama gidan gaba ɗaya, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta yi tsit. Wata uku ke nan da na cire tsohuwar na'urar da muka tarar a gidan, mai batir biyu da maɓalli uku, na sa wannan da ake sarrafawa daga wayar salula. Ranar da na ɗaura ta har hoto na tura wa 'yan uwa a Kano.

Wanda bai zauna a irin wannan ƙasa ba zai ɗauka maganar jin daɗi ce kawai. A nan, gida ya kwana ɗaya ko biyu ba ɗumi, ruwan da ke cikin bututu ya daskare ya fasa su, sai an fasa bango kafin a gyara. A ƙarshen Janairun 2019 sanyin Minneapolis, birni mafi girma a jihar Minnesota da ke arewacin Amurka, ya kai digiri 28 ƙasa da sifili a ma'aunin Fahrenheit, wato kusan 33 a Celsius. Shi ya sa ko tafiya mutum zai yi, yakan bar gidan a 55 na Fahrenheit, kusan 13 ke nan a namu lissafin.

A daren nan abin da ya cece mu shi ne ban jefar da tsohuwar ba. Na lalubo ta a durowar kicin, na kashe wutar hita, na mayar da wayoyi huɗu mazauninsu ina duba hoton wayoyin da na ɗauka tun ranar farko. Minti biyu da kunna wuta na ji fankar hita ta tashi. Uwargida ba ta ce komai ba, kallon da ta yi mini ya isa.

Washegari na zauna na fahimci abin da na saya. Duk ƙyalƙyalin nan, aikin na'urar na asali makunni ne. A cikin hita akwai ƙaramar taransifoma da ke sauke wutar gida daga volt 120 zuwa 24. Jar waya, mai alamar R, ita ke kawo wannan wuta sama. Idan na'urar ta haɗa R da farar waya, W, hita ta kama. Ta haɗa da koriya, G, fanka ta juya. Ta haɗa da rawaya, Y, injin sanyaya gida na waje ya tashi. Tsohuwar ba ta neman komai bayan wannan, batirinta biyu sukan kai ta shekara. Sabuwar kuwa tana da fuska mai haske, tana riƙe da intanet dare da rana, dole ta ci wuta kullum. Don haka take buƙatar waya ta biyar, C, wadda wutar ke bi ta koma taransifoma.

A jikin kwalin an rubuta cewa a yawancin gidaje tana aiki ba tare da C ba. Ba ƙarya suka yi ba, amma ba su faɗi yadda take yi ba. Satar wuta take yi kaɗan-kaɗan ta cikin W ko Y tana cika ɗan batirin da ke cikinta. Lokacin da hita ke hutawa tsakanin kamu da kamu, satar na tafiya daidai. Ranar da sanyi ya tsananta, hita ta yi ta aiki ba hutu, sai hanyar W ta rufe mata, ta koma dogaro da Y. Ita kuma Y tana bi ta injin sanyaya da ke waje cikin dusar ƙanƙara, kuma wasu injinan suna da makunnin kariya da ke buɗewa idan sanyi ya yi yawa. Batir ya yi ta raguwa, ta fara yanke intanet don ta tsimi wuta, daga nan ta mutu. Wato a daren da aka fi bukatarta, a nan ne ta fi rauni. Wannan shi ne babban laifin da nake gani a gare ta, kuma ya kamata a ce an rubuta shi da manyan baƙaƙe a kan kwali.

Da na zaro igiyar wayoyin daga bango sai ga wata shuɗiya an naɗe ta a jikin sauran, an tura ta ciki. Shekaru tana nan ba wanda ya jona ta. Na sauka ƙasa, na buɗe murfin hita, na ga ɗaya bakin nata a naɗe shi ma. Na fere shi, na sa a ƙarƙashin sukurun da aka rubuta C a allon lantarkin da ke sarrafa hita, na ɗaure. Sai na yi wautar da har yanzu nake jin kunyarta. Murfin hita yana da makunni a bayansa, idan an cire shi wuta ta yanke, idan an mayar ta dawo. Na dogara da wannan ban kashe babban makunni ba, na mayar da murfi na hau sama. Ina jan wayoyin, bakin shuɗiyar ya goga na jar. Ɗan tartsatsi ƙwaya ɗaya, kamar na ashana da ta ƙi kamawa. Komai ya mutu.

Na ɗauka na ƙona allon gaba ɗaya. Ashe fis ne, ɗan ƙarami mai launin shanshanbale, mai lamba 3 a kansa, irin na mota sak. A shagon kayan gyaran mota na samo shi, na sayi fakiti. Wasu hitocin na amfiya 5 suke ɗauka, a sa daidai wanda aka cire, kada a sa babba don wai ya fi ƙarfi, taransifomar ce za ta ƙone a madadinsa. Na auna tsakanin R da C da mita, ta nuna volt 26 da ɗoriya, na ɗaura na'urar. Tun daga ranar fuskarta ba ta sake mutuwa ba.

Wanda bai yi sa'ar samun waya ta biyar a bango ba, akwai ɗan akwatin da ake jonawa a jikin allon hita ya sa wayoyi huɗu su yi aikin biyar, ko kuma a ja sabuwar igiya. Kuma kada a amince da launi kawai, harafin da ke jikin sukuru shi ne shaida, don wanda ya yi aikin farko yana iya sa kowane launi inda ya ga dama. Idan kuma aka cire tsohuwar aka ga wayoyi masu kauri guda biyu ko huɗu, irin na soket, wannan wutar 120 ce ko 240 ta hitar lantarki. A mayar da murfi a kira mai gyara.

A hunturu na biyu gidan ya sake yin sanyi, kuma nan take na ɗora wa na'urar laifi. Wannan karon ba ruwanta. Fuskarta tana nuna tana neman ɗumi, har saƙo ta turo mini a wurin aiki cewa awanni tana kira amma ɗumin gida sai sauka yake yi. Na dawo na tsaya gaban hita ina leƙe ta ɗan gilashin murfi. Wuta ta kama shuɗiya, daƙiƙa kaɗan ta mutu. Ta sake, ta mutu. Bayan 'yan gwaje-gwaje ta daina, wata ƙaramar fitila a allon ta shiga ƙyafta ido, fassarar ƙyaftawar na manne a bayan murfi. Gas ne, ban taɓa ba, na kira mai gyara. Wani dattijo ne, ya kwance sukuru ɗaya ya zaro ɗan sandan ƙarfe da bai fi tsawon yatsa ba, wanda ke shaida wa allon cewa wuta ta kama. Ya yi fari-fari da datti. Ya goge shi, ya mayar, hita ta kama ta zauna. Ya kuma zaro matatar iska ya ɗaga ta sama, haske ba ya ratsa ta. Ya ce irin wannan ke sa hita ta yi zafi fiye da kima ta kashe kanta, mutane su yi ta zagin abin da ke bango. Shi ya nuna mini gwajin da ke raba gardama: a kashe wuta, a cire na'urar, a haɗa R da W, a kunna. Hita ta kama ta zauna, matsalar na sama. Ta ƙi, a sauka ƙasa.

Abin da ya rage na yau da kullum ne. Na kashe tsarin da take koyon ɗabi'ar masu gida da kanta, domin a lungu take, idan mun daɗe a ɗaki sai ta ɗauka mun fita ta rage ɗumi. Jadawali na sa da hannu, 68 na Fahrenheit da rana, wato 20 a Celsius, ƙasa da haka da dare, ya tashi rabin awa kafin asuba. Da azumi ya faɗo a Maris, sanyi bai tafi ba, daga kan gado na matso da lokacin zuwa sahur. Wannan kam na ji daɗinsa. Idan intanet ya ɗauke, ɗumi na ci gaba bisa jadawali, manhajar ce kawai ke daina aiki. Kuɗin gas kuwa, ban ga ragin da zan yi wa wani alkawari a kansa ba, tunda tsohuwar ma tana da jadawali, mu ne ba mu taɓa saita shi ba.

Zan sake sayenta, amma sai na fara cire murfin tsohuwar na ƙirga wayoyi kafin in je shago. Tsohuwar tana nan a durowar kicin, na cire mata batir don kada su zube, na ɗaure su a jikinta da roba tare da fis biyu da ƙaramar sukudireba.