Na saurari Live at the Regal na B.B. King, ga yadda na ji shi

Duk mai son ya gane me yasa ake ta zuzuta B.B. King, mawaƙi kuma makaɗin jita na salon kiɗan blues a Amurka, to ya nemi wannan album ɗin. Kai tsaye aka ɗauke shi a gidan wasan Regal da ke Chicago a Amurka ranar 21 ga Nuwamba 1964, ya shiga kasuwa a 1965. Ni a waya na sauke shi, kuma tun yanzu in gaya muku kar wanda ya ji shi da sifikar waya, asarar data ce kawai, a sa abin kunne.

Abin da ya fi kama ni shine mutumin nan baya haɗa waƙa da kaɗa jita lokaci ɗaya. Zai ja baiti da muryar nan tasa mai kauri sai yayi shiru jitar ta karɓa masa, kamar dai yadda 'yan amshi suke yi wa makaɗi. Kuma ba gudu yake da yatsu ba irin na masu son nuna gwaninta, tsirkiya ɗaya zai danne ya tura ta sama ya dinga karkaɗa yatsan, sautin yayi ta rawa, kafin ya sake ta matan da ke zauren sun ɓarke da ihu, wallahi wani wajen ihun har danne kiɗan yake kuma ni hakan ne ma ya min daɗi. Tsakanin waƙoƙi yana hira da su, ya tsokani maza ya tsokani mata.

Jitar ma sunanta Lucille. Wai a 1949 yana wasa a garin Twist a Arkansas wasu maza biyu suka kaure da faɗa kan wata mata mai wannan sunan, suka kifar da durom ɗin kananzir gobara ta tashi, shi kuma gogan naka ya koma cikin wutar ɗauko jitarsa. Kai jama'a!

Yaron da ya tashi yana tsinkar auduga a Mississippi ne fa, haihuwar 1925. A 1956 kaɗai sau 342 ya hau dandali, shi yasa a nan babu inda zaka ji yana lalube. Ya ci lambar yabon waƙa ta Grammy sau 15, makaɗan jita irin su Eric Clapton duk sun kwaikwayi hannunsa, har album suka yi tare a 2000. Ya rasu a 2015 yana da shekara 89.

Inda na ji haushi, abin gajere ne, wajen minti 35 ya ƙare, kana fara shiga yanayi sai kaji tsit. Sannan waƙarsa The Thrill Is Gone da kowa ya san shi da ita bata ciki, don sai 1969 ta fito. Turancin hirar tasa ma sai ka kasa kunne sosai, wasu barkwancin sai dai kaji ana dariya. Duk da haka ban goge shi a wayata ba, kuma wanda bai taɓa jin blues ba ina ganin ya fara da shi.