Wata uku da faifan sanyaya laftof: abin da ya gyara da abin da bai taɓa ba

Takaici ne ya sa na sayi faifan nan. Da dare nake buga Fortnite da Counter-Strike 2, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne: minti goma na farko wasa na tafiya sumul, can sai ya fara sarƙewa, hoto na tsalle-tsalle. In na ja linzami zan saita mutum, kafin bakin bindigata ya iso kansa ya riga ya kwantar da ni. Ƙanena da muke ƙungiya ɗaya ya gaji, ranar nan ya ce, "Yaya, anya kwamfutar ce kuwa? Ko dai hannun ne ya fara tsufa?" Washegari na yi odar faifan.

Laftof ɗin tawa ta kai shekara huɗu. Katin hotonta GTX 1650 ne mai giga 4, ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, kuma giga 8. Ba ta kece raini ba ce, amma wasannin nan biyu ba su fi ƙarfinta ba. Shi kuma faifan, ƙarfe ne mai raga-raga da fanka biyar a ciki, babba ɗaya a tsakiya, ƙanana huɗu a gefe. Daga ramin USB yake shan wuta, yana da ƙafafu da ake ɗagawa, da wasu shuɗayen fitilu da har yau ban ga amfaninsu ba in ban da hana mutum barci. Ɗaga allon da yake yi dai ya sauƙaƙa mini ciwon wuya, wannan kam tun daren farko na gani.

Sai da na yi mako guda ina wasa a kansa ban iya cewa ga abin da ya canza ba. Wani dare in ji kamar an samu sauƙi, wani dare jiya i yau. Nan na gane wautata: na sayi magani ban san cutar ba. Na sauke MSI Afterburner, manhaja ce ta kyauta, tana zuwa tare da RivaTuner Statistics Server wanda ke rubuta alƙaluma a kusurwar allo kana cikin wasa. Na sa ta nuna mini abu huɗu: yawan firam (hotunan da ke fitowa a allo) a daƙiƙa, wato FPS, zafin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), zafin katin hoto, da saurin da furosesa ke gudu a kai.

Gara in tsaya a nan kaɗan, don da yawanmu muna haɗa cuta biyu mu kira su da suna ɗaya. In wasa na ba da firam 60 a daƙiƙa, kowane hoto na ɗaukar kusan milidaƙiƙa 17 kafin ya fito. In ya faɗo 30, ya zama 33, ido na gani, hannu ma na ji. Wannan aikin kwamfutarka ne. Jinkirin intanet daban yake: lokacin da saƙo ke ɗauka ya je uwar garken wasan ya dawo. Alamarsa ita ce ka ga hoto na tafiya lafiya lau amma abokan wasa na ɓacewa suna bayyana a wani wuri, ko ka yi gudu a dawo da kai baya. Faifan sanyaya ko na zinare ne ba ruwansa da wannan. Ni ina da duka biyun, na intanet ɗin kuwa waya na ja daga rauta zuwa laftof na bar Wi-Fi, shi ke nan ya wuce.

Alƙaluman sun tona asiri cikin kwata ɗaya. Da fara wasa furosesa na gudu wajen gigahaz 4, zafi na hawa a hankali, 80, 90, har ya taɓa 98. Yawancin furosesoshin Intel na laftof iyakarsu digiri 100 ce, kuma in sun kusa nan da kansu suke rage gudu don kada su ƙone. Ina kallo saurin ya zube ƙasa da gigahaz 3, FPS ya bi shi a daidai wannan lokacin. To, zafi ne, ba ƙarya. Tambayar ita ce ko faifan na maganinsa.

Na gwada hanya uku, a taswirar wasa ɗaya, minti ashirin-ashirin. Laftof a kan tebur kai tsaye: 98, da sarƙewa. A kan faifan, fankoki a ƙarshen gudunsu: 93 zuwa 94, sarƙewar ta jinkirta amma ta zo. Na uku shi ne ya ba ni haushi. Na ajiye faifan gefe, na sa wani littafi mai kauri na tokare bayan laftof ɗin yadda ƙasanta zai sami sarari. Sai ga 95. Wato kusan duk amfanin da nake samu daga ɗagawar ne, fankoki biyar ɗin digiri ɗaya ko biyu kawai suka ƙara. Da na yi tunani sai na ga dalilin a fili yake. Laftof ɗin daga ƙasa take zuƙo iska da nata fankokin, ta fitar ta baya. Fankokin faifan ba su da matsi, kuma babu abin da ya rufe tsakaninsa da cikin laftof, iskar sai ta daki roba ta watse ta gefe. Akwai wani irin faifai mai soso a zagaye da ke manne wa ƙasan laftof ya tura iska ciki da ƙarfi, nawa ba irinsa ba ne.

Ranar Asabar na yi ta maza na kwance murfin ƙasa. Abu na farko, na cire wayar batir daga jikin babban allon lantarki na cikin laftof ɗin. Da na ɗaga fanka sai ga wani abu toka-toka manne a bakin siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita, ya dunƙule kamar auduga, tsawon ɗan yatsa. Na sa hantsaki na ciro shi guda, bai ko yage ba. Shekara huɗu iska na neman hanya ta cikin wannan. Na busa sauran da gwangwanin iska, ina danne fankar da yatsa don kada ta yi ta juyi fiye da kima. Man da ke tsakanin furosesa da bututun tagulla kuwa ya bushe ya tsattsage kamar laka a rana. Na goge shi da sifirit, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ɗaya, na mayar da sukurori bi da bi yadda aka lambace su. Wanda garantin laftof ɗinsa bai ƙare ba, ko hannunsa na rawa, ya kai wa mai gyara, ba abin kunya ba ne.

Daren nan zafi bai wuce 84 ba, ba tare da faifan ba. A kansa, 80. Saurin furosesa ya tsaya cak har na gaji na kashe.

Sauran abubuwan da na tsinta a hanya ba su da alaƙa da zafi ko kaɗan. In na manta ban jona caja ba, FPS na maƙalewa a 30 daidai, ashe tsarin Battery Boost na Nvidia ne ke yin haka da gangan don batir ya daɗe. Irin wannan laftof ɗin kuma katin hoto biyu gare ta, ƙarami a cikin furosesa da babba na wasa, don haka na shiga saitunan allo na Windows na tabbatar kowane wasa a kan babban yake. Na ƙara ram giga 8 a ramin da yake fanko, biyun suka riƙa aiki tare, ƙananan tuntuɓen da nake ji a Counter-Strike 2 in an jefa hayaƙi suka ragu sosai. A Fortnite na koma yanayin da aka yi wa ƙananan kwamfutoci, wanda ke rage inuwa da ciyayi. Wanda katin hotonsa ne ke haki kuma, ya tuna 1920 sau 1080 ɗigo miliyan biyu da ɗoriya ne, 1280 sau 720 bai kai miliyan ɗaya ba, aikin ya ragu fiye da rabi ke nan, sai dai abokin gaba na nesa zai zama dishi-dishi.

To ina faifan ya tsaya? Digiri huɗu yake ba ni, kuma na san uku daga ciki littafi ma zai bayar. Ya cinye mini ramin USB ɗaya, ƙararsa na shiga makirfo in na kai shi ƙarshe, har abokan wasa kan tambaya ko injin niƙa nake kusa da shi. In kana ɗora laftof a kan katifa ko cinya, zai yi maka rana, don aƙalla ƙofofin iskar ba za su toshe ba. In laftof ɗinka ba ta da ramukan iska a ƙasa, kada ma ka fara, juya ta ka duba kafin ka saya. A wata na uku ɗaya daga ƙananan fankokin ta fara ƙaf-ƙaf, na buɗe na cire wayarta, ban ga zafi ya ƙaru ko da digiri ɗaya ba. Yanzu yawanci a kashe yake, matokari ne kawai, sai ranar da muka yi niyyar kwana muna wasa nake kunna shi. Ƙanena ya ce in ba shi tunda ba na amfani da fankokin, na ce ya fara kawo tasa laftof ɗin mu buɗe.